Koren Biro a Shafin Ƙarshe

Shekara shida Odessa ce ke fara karanta duk abin da Terrence ya rubuta. Yau kuwa, a gidan gonar jihar Jojiya ta Amurka inda marubuta baƙar fata ke taruwa duk bazara, ta hangi rubutun koren biro a gefen takardunsa. A cikin marubutan, Latrice kaɗai ke gyara da kore.

Ta tare shi a baranda.

"Wato Latrice ce ta fara gani? Ni an daina yayina ke nan."

Ya kasa haɗa ido da ita, ya miƙa mata shafin ƙarshe. "Wannan ba na gyaranki ba ne, Dess. Karanta."

Sunanta ne a ciki, da tambaya guda: za ki aure ni? Sai idonta ya sauka gefe, inda Latrice ta rubuta: "Za ta amince."

"Har neman aurena sai da wata ta sa hannu?"

Ta zaro jan bironta daga cikin gashinta, ta soke shafin daga sama har ƙasa.

"Je ka sake rubutawa. In wani ido ya riga nawa, kada ka kawo."