Awa Uku Ne Kawai

Tun kafin jirgi ya tashi makaniken ya gane cewa Inna ta rasu, ɓoye masa kawai ake yi.

Ai shi ba yaro ba ne. Da safe ya ji ƙaninsa a bakin ƙofa yana waya ƙasa-ƙasa: "Kawu, ku dakata da jana'izar. Awa uku ne a jirgi, kafin la'asar mun iso." Matarsa kuwa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Babu wanda ya ce masa uffan. Zazzaɓin da ya kwantar da shi bai daɗe da sakinsa ba, ya san shi ya sa suke lallaɓa shi kamar ƙwai.

Awa uku. Maganarsa ce aka maido masa. Shekara tara yana wancan birni, kwance ƙarƙashin motocin mutane, kuma duk ranar da Inna ta kira ta ce, "Yaushe zan gan ka?" amsarsa ɗaya ce.

"Inna, awa uku ne fa kawai. Kamar ki ɗora girki ki sauke."

"To ni dai tukunyata ta ƙone," takan ce, tana dariya.

Gobe, jibi, bayan an biya shi, bayan matarsa ta haihu. Kusancin ne ya cuce shi. Da tafiyar wata guda ce a ƙafa, da tuni ya je.

A filin jirgi ƙanin ne ya yi ta zirga-zirga da takardu, daga wannan ofis zuwa wancan, ana buga hatimi. Makaniken bai bi layi ba, ba a ma ce ya cire takalmi ba. Ashe yaron nan yana da hanya.

Wurin da aka ba shi dai na tsiya ne. Babu taga, ga sanyi har ƙashi, ga wata kyanwa tana kuka a kusa, ko wa ya shigo da ita oho. Ƙanin ya samu wuri a wani ɓangaren. Ko shayi ba a kawo masa ba, shi ma bai nema ba. Wanda ya yi wa uwarsa haka, ina shi ina shayi?

Nadama ta cika masa ciki. Abu ɗaya yake roƙo: ya iso kafin a rufe fuskarta, ya gan ta ko sau ɗaya.

Tayoyi suka daki ƙasa. Wasu ma'aikata suka buɗe ƙofa, ɗaya yana cewa, "A hankali da wannan." Daga nan sai mota, sai ramukan layinsu, sai ƙarar ƙyauren gidan da ya sha alkawarin zai zo ya gyara. Tsakar gida cike take da mutane.

Sai ya ji takun da ya sani, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Inna! Da ranta! Ya so ya zabura ya faɗa jikinta, ya kasa.

Ta matso, ta dafa katako da tafinta, ta ce, "Awa uku, ka ce." Sannan ta juya ga ƙanin. "Buɗe akwatin, in ga fuskar ɗana kafin ku kai shi."