Gurbi na Goma Sha Biyu

Masassaƙin dutse ya ce suna goma sha biyu kawai zai shiga, kuma ranar Litinin zai fara aiki. An riga an cike sha ɗaya. A kan gurbin da ya rage ne mutanen Ashmere suka kwashe wata huɗu ba sa ga-maciji.

Garin zai cika shekara ɗari biyu, za a kafa dutse a bakin gada mai ɗauke da sunayen waɗanda suka assasa shi. Suna na farko ba gardama: Kyaftin Josiah Tredgold, wanda ya zo Tasmania daga Ingila da ƙafarsa, ba a ɗaure kamar fursunonin da ake kawowa ba, gwamna ya yanka masa eka dubu biyu. Daga tsatsonsa aka sami shugabar kwamitin zaɓen sunayen, Mis Honor Tredgold. Shekararta saba'in da ɗaya, ba ta taɓa aure ba, don ba ta ga sunan da ya kai ta musanya da nata ba.

Hujjojin asali kuwa tana da su. Ga zanen Kyaftin a falonta, ya kifa hular jirgi har gira. Ga wasiƙun da ya riƙa aiko wa matarsa a shekara biyun da ya yi yana fatauci a Indiya, har da wadda ya gode wa Allah da aka yi masa albishir ɗin magaji. Sama da duka ga tambarin gida: wani silin farin gashi a gaban goshi ta hagu, wanda ake haihuwar 'yan gidan da shi. Babanta na da shi, kakanta ma haka. Sauran mata kan rina furfurarsu. Ita ragowar gashin take rinawa baƙi don silin ya fito.

Mai neman gurbin na sha biyu shi ne Noel Garrity, tsohon mai askin tumaki, sanƙo tas kamar ƙwai. So yake a sa kakan kakansa, Cornelius Garrity, fursunan da aka kawo cikin sarƙa aka ba Kyaftin ya yi masa bauta. Shi ya gina gadar da za a kafa dutsen a bakinta, har yau kuma manyan motoci na bi ta kanta.

"Barka da rana, 'yar uwa," in ji Noel duk sanda suka haɗu a gidan waya.

"Ba ni da dangi a cikin ɓarayi."

"To, a gai da gida, 'yar uwa."

Haka 'yan gidan Garrity ke kiran 'yan gidan Tredgold tun kaka da kakanni. Su Tredgold sun daɗe da sa wannan a lissafin rashin tarbiyya.

Rikicin bai tsaya a baki ba. Mis Tredgold ta sa aka cire matar Noel daga masu jera furanni a coci, bayan shekara talatin. Noel kuma motarsa ta ɗaukar takin tumaki ta riƙa mutuwa daidai ƙofar gidanta, kullum da tsakar rana. Ƙuri'un kwamiti suka tsaya huɗu da huɗu. Fasto Ingram, mai ta tara, ya ce yana addu'a tukuna.

Sai Mis Tredgold ta rubuta wa ma'ajiyar tarihi a Hobart, babban birnin Tasmania. Turawan wancan zamani ba su damu su rubuta komai kan mai 'yanci ba, amma fursuna suna da littafinsa: laifinsa, yawan bulalarsa, da kamanninsa dalla-dalla, don a gane shi in ya gudu. Ranar Juma'a ambulan ɗin amsa ya iso. Ta karanta shafin gaba, ta yi murmushi, ta mayar ta rufe.

Ranar Asabar da yamma zauren gari ya cika. An dafa shayi, an yanka kek, babu wanda ya taɓa.

"Tunda ana son a sassaƙa sunan mutum," in ji Mis Tredgold, "ya kamata a san ko wane ne."

Ta gyara tabarau. Muryarta irin wadda aka horar ce ta kai kujerar ƙarshe ba tare da lasifika ba.

"Cornelius Garrity. Satar agwagi biyu, ɗaurin shekara bakwai. Bulala hamsin don ɗaga wa uban gida kai. Bulala talatin don an same shi a babban gidan Kyaftin ba da izini ba. Wasu talatin, laifi ɗaya." Ta dubi Noel ta saman tabarau. "Ga dukkan alamu ba ya jin magana. Ashe abin gado ne."

Wasu suka yi dariya. Matar Noel ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya shafa sanƙonsa kawai.

"Akwai rubutu a bayan takardar," in ji shi.

"Bai ishe ka ba ke nan?"

"Wanda ya fara yanka ai shi ke feɗewa, 'yar uwa."

Ta juya takardar da yatsa biyu, kamar mai ɗaga mataccen ɓera.

"Kamanni. Tsayi ƙafa biyar da inci tara. Sana'a, magini. Idanu ruwan toka. Tabon ƙuna a hannun dama."

Ba ta saba tsayawa a tsakiyar karatu ba, don haka layin ƙarshe ya riga ya isa kujerar baya kafin ita kanta ta ji abin da ta faɗa.

"Alama ta musamman: silin farin gashi a gaban goshi ta hagu, tun haihuwa."