Direban Rairayi da Na'urar Birni

Akwai wani direba a can arewa, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Tsohuwar akori-kura ce gare shi, wadda ya gada daga yayansa, kuma ita kaɗai ce motar da ke shiga ƙauyukan wannan yanki. Ita ke kai gero kasuwa, ita ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. Direbobin rairayi kuwa suna da wata dabara da na birni ba su damu da ita ba. In za su shiga yashi sai su tsuguna, su danna bakin taya da tsinke su rage iska, har tayar ta baje kamar tafin raƙumi, don kada ta nutse. In sun fito bakin kwalta, akwai mai faci a gindin wata aduwa, shi ke mayar musu da iskar. Ranar nan direban ya fito zai shiga birni, ya tarar da rumfar mai faci a rufe, an yi masa rasuwa. Ya ce ai ba komai, ya hau kwalta haka nan. Tun daga nan motar ta fara yi masa nauyi. Ya taka totur, ta ja da ƙyar. Hawan da take hayewa tana wasa, yau sai da ya sauko da giya. Shi kuwa idonsa ya riga ya saba da ganin tayoyinsa a baje shekara da shekaru, don haka ko kallonsu bai yi ba. Hankalinsa duk ya tafi kan inji.

A tasha ya faɗa wa 'yan uwansa direbobi, waɗanda ba sa rasa maganin ciwon kowa sai nasu. Suka tura shi wani gareji da aka kawo sabuwar na'urar gwada ƙarfin mota. Wasu manyan gangunan ƙarfe ne a binne a ƙasa. Ana ɗora tayoyin mota a kansu, a ɗaure ta tamau, a taka mai. Tayoyin su yi ta juya gangunan, motar na gudu ba ta gusa ba, allo kuma yana nuna ƙarfin da ya iso ƙasa. Abin da direban bai sani ba, mai gwajin ma bai duba ba don layi ya yi tsawo, shi ne taya mai laushi lanƙwashewa take yi a kan gangar, ta ɗauki zafi, ta shanye ƙarfin inji tun kafin ya isa inda ake auna shi. Mai gwajin ya dubi allo, ya girgiza kai, ya ce, "Baba, injin nan ya gaji. Ka rabu da shi tun bai rabu da kai a daji ba." Wannan maganar ta daji ita ce ta karya masa zuciya. Ya tuna tsakiyar rairayi, inda babu rijiya babu inuwa, ya ga kansa a tsaye da mace tana naƙuda a bayan mota, inji ya mutu. Ya ce ba zai ɗauki alhakin rai ba. Ƙarfin sake inji kuwa ba shi da shi, ga 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suna zagaye garejin tun ɗazu kamar ungulu a mahauta. Kafin la'asar an sauke injin an sayar wa wani, gangar jikin kuma aka sa mata wuta aka yanka. Yana tsaye aka raba ƙofar da yayansa ya saba jingina hannu a kai. Ya juya baya don kada a ga hawayensa.

Ƙauyukan suka koma amalanke. Mara lafiya sai a shimfiɗa shi a kan tabarma, shanu su ja shi yini guda, wani ya isa, wani a juyo da shi daga hanya. Direban kuma ya zama ɗan zaman gindin bishiya, mutumin da a da ba ya ganin zama. Bayan damina ya sake shiga birni neman wanda zai ba shi tuƙi, ƙafa ta bi da shi ta ƙofar garejin nan. Ya ga wata mota an ɗora ta a kan ganguna, an buɗe bonet. Ya leƙa, sai ya ga wata tsohuwar walda a gefen injin, wadda shi da kansa ya riƙe wa yayansa ƙarfen aka yi ta. Injinsa ne. A wannan karon mai gwajin, wanda ashe ya ƙara ilimi tun bayan rabuwarsu, sai da ya zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin iska, yana gaya wa mai motar cewa taya in ba ta cika ba, allo sai ya yi wa inji ƙarya. Aka taka totur. Injin ya yi ruri lafiya lau, allo ya haura, mai motar yana ta washe baki yana cewa ai a wurin wani baƙauye ya tsince shi. Direban kuwa, wa zai kama? Ya jira aka sauko da motar, ya dafa bonet, ya ji ɗumin injin a tafin hannunsa, har sai da mai motar ya danna masa hon ya matsa.

Iska ce kawai, wadda ba ta kai a zauna a yi shawara a kanta ba, ta raba bawan Allah da motarsa, ta raba ƙauyuka da hanyarsu. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.