Layar Saniyar Kawu

Ina yarinya a Kucheri, ƙanen babanmu, wanda muke kira Kawu, yana da wata farar saniya. Da rani ya sayar da harawarsa kaf, ya bar ta tana lasar ƙasa, ana kuma tatsarta safe da yamma.

Wata la'asar matarsa ta kaɗa nonon har hannunta ya gaji, mai ya ƙi fitowa. Tsululu, kamar ruwan wankin ƙwarya. Sai Kawu ya tsaya tsakar gida ya nuna uwata.

"Wagga ta yi mata baki! Jiya tac ce saniyar ta rame."

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Malam, yunwa na gani na faɗa. Ba ta dusa da kanwa."

Bai ba ta ba. Laya ya sayo, ta jar fata, ya rataya wa saniyar a wuya. Daga ranar maƙwabta suka daina karɓar furar Inna.

Kafin ruwan farko saniyar ta kwanta, ba ta tashi ba. Har yau tsaki nake ja, domin da idona na ga Kawu ya kwance layar, ya kakkaɓe ta, ya ɗaura wa ɗan maraƙin da ta bari.