Kujerar Inna Tasalla

"Umma, me Inna Tasalla take sayarwa?" Zulai ta tambaye ni muna hanyar dandali.

"Ba ta sayar da komai."

"To me ya sa ake barinta ta yi magana?"

Na gyara goyon ƙaninta, na ce ai shi ya sa muka zaɓe ta. A majalisar da ke tafiyar da intanet, kujera ɗaya ce ta garinmu, sauran duk na kamfanoni ne. Doka kuwa ta ce duk wakilin da ya tashi magana babu jama'a a bayansa, kujerar ta tafi.

Da gangan kamfanonin suka sa zaman ranar kasuwa. Muka bar cefane muka cika dandalin.

Inna Tasalla, tsohuwar ungozomarmu, ta tsaya gaban babban allon da ke haɗa mu da zaman majalisar. Wani mai kwat, wakilin kamfani, ya ce 'yar talla ce kawai za a riƙa sawa kafin kiran asibiti ya shiga.

"Ɗan nan," in ji Inna, "ka taɓa riƙe yaro yana shiɗewa, kana jiran a gama waƙar sabulu?"

Aka janye maganar.

A garin su yayata kuwa, biki suka tafi ranar zamansu, kujerarsu ta tafi. Ɗanta mai asma yanzu ya haddace waƙar sabulun nan tsaf.

Ranar naku zaman, ko bikin wa ake yi, kada ku bar bayan wakiliyarku wayam.