Mai Girma Shugaba Yana Murmushi

Tunda yanzu shafin intanet na ofishin nan ya dawo hannunka, ja kujera in ba ka wani misali.

A wata ƙaramar hukuma an yi wani ma'aikaci da aka ɗora wa sa hotuna a shafin hukumar. Aka ce masa kowane hoto ya rage masa nauyi, kuma ya rubuta masa ɗan bayanin abin da ke cikinsa, domin wayar makafi bayanin take karanta musu, injin bincike ma da shi yake gane hoto. Mutumin ya duba ya ga hotuna sun fi ɗari shida, ga tuwon rana na jiransa. Ya buɗe na farko, ya ga shugaban hukumar yana yanka zare, sai ya rubuta: "Mai girma shugaba yana murmushi." Ya kwafi wannan layi ya manna wa duk sauran, ya ɗora su da nauyinsu, ya kaɗe riga ya tafi. Sanarwar rigakafin dabbobi ma bai buga ta ba, hoton takardar ya ɗauka a jikin bango ya sa.

To akwai wani makaho a garin, mai kiwon awaki, wanda wayarsa ke karanta masa komai. Ya shiga shafin neman ranar rigakafi. Shafin ya yi ta nishi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, da ƙyar ya buɗe. Wayar ta ce shugaba yana murmushi. Ya ja ƙasa, shugaba yana murmushi. Ya ƙirga har arba'in ya gaji. Washegari ya dogara sandarsa har ofis, ya yi sallama, ya ce: "Ranka ya daɗe, na zo ne in ji ko lafiya shugaba. Mutum ba ya irin wannan murmushin haka kawai. Sannan yaushe ne allurar awaki?" Ma'aikacin ya ce shafin ai na masu ido ne, ya koma kan jaridarsa. Ashe ranar ce ta ƙarshe ta yin allurar. Kafin makahon ya ji a bakin mutane masu allura sun tashi, kuma a damina ciwo ya ɗauke masa awaki biyu.

Ba a jima ba aka yi taron shugabannin ƙananan hukumomi a babban birnin jiha. Shugaban namu ya tashi yana yabon kansa, ya ce a buga sunan hukumarsa da kalmar shugaba a injin bincike, a nuna a babban allon zauren, kowa ya ga aiki. Aka buga. Hoton farko da ya fito, wani ƙaton bijimi ne na sashen dabbobi, da zobe a hanci, ya ɗage leɓe haƙora waje, ƙarƙashinsa an rubuta mai girma shugaba yana murmushi. Na biyu masai ne na kasuwa. Zauren ya kece da dariya, wani shugaban har hularsa ta faɗi cikin shayi.

Ma'aikacin ya yi wata biyu yana bin hotuna ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wa kowanne gaskiyarsa. Da ya gama, aka mayar da shi sashen dabbobi yana ba bijimin dusa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.