Ƙofar Banɗaki a Manfuha

"Nafiou, yalla, fito!" Mahamadu, babban ɗakinsu, ya sake dukan ƙofar banɗakin.

Nafiou ya katse naɗar muryar da yake yi. Su takwas ne a ɗakin, duk 'yan ci-rani a unguwar Manfuha, a banɗakin kaɗai yake samun shiru. Ba ya iya magana cikin mutane, ko muryarsa ba su gama sani ba. Amma yana karanta labarai a intanet da sunan bogi, da kuɗin karatun yake tallafa wa gida a Maradi.

"In ka ƙara kulle kanka, nemi wani ɗakin!"

Ya fito, kansa a ƙasa. Ya tarar sun kewaye waya.

"Yau ma mai karatun nan bai saka ci gaban ba," in ji Mahamadu. "Allah ya isa ga mai hana shi!"